Ranar da Yaya Lubabatu Ta Nemi Tsakuwa

Duk wanda ya san Indabo ya san Lubabatu mai gumi, in bai san fuskarta ba ya san hayaƙin gidanta. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara tara. Har yau da nake da furfura a gemu da 'ya'ya bakwai, in ta ce "Garzali" da wata irin murya, sai na tsaya na lalubo laifin da na yi. Ni direba ne, wata tsohuwar mota ƙirar Kanta gare ni, ina ɗaukar hatsi daga ƙauyukan Wudil zuwa Kano. Ita kuwa sana'arta ɗaya ce tun tana budurwa, gumin shinkafa. Takan sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji a cashe, sannan ta zauna gyara.

A wurin Innarmu ta gaji sana'ar, amma ba ta gaji halin Inna ba. Inna, Allah ya ji ƙanta, in ta bakace sau ɗaya sai ta ce sauran aikin na mai dafawa ne. Yaya ma haka ta fara. Abin da ya canza ta kuwa, tana amarya ta kai shinkafa kasuwar Wudil ran wata Juma'a, sai ga wasu mata biyu daga birni. Ɗaya ta tsoma hannu a ƙwaryar Yaya, ta murza, ta yatsina fuska, ta ce wa 'yar uwarta wannan 'yar Hausa ce, sai wanda ya gaji da haƙoransa. Suka wuce rumfar gaba suka auni 'yar waje. Daga ranar Yaya ta ƙulla gaba da tsakuwa, gabar da ko sarkin gari ba zai iya sasantawa ba.

Sau uku take wanke shanshera kafin ta ga wuta. Ba ta shanya a ƙasa, ba ta shanya a gefen kwalta kamar yadda ake yi, sai a kan tamfol, kuma kazar da ta kuskura ta taka tamfol ɗin nan ta kusa shiga tukunya. In an dawo daga inji ta bakace, ta rairaye, sannan ta baje a faifai mudu-mudu tana bi da yatsa. Mijinta Malam Dattijo manomin fadama ne, mutum mai sanyi, yakan ce shekara talatin da aurensu amma ba ta taɓa yi masa irin kallon da take yi wa shinkafa ba. Ita kuma ta ce ai shi an riga an tsince shi.

Duk wannan wahalar, shekara da shekaru ba ta tsinana mata abin a zo a gani ba. 'Yar waje ta cika kasuwa, fara sol, ga araha, mutanen birni kuma in ba ita ba, gara su ci taliya. Mu nan ƙauye dokar shigo da abinci kamar ruwan sama muke ɗaukarta, ba a shawara da mu, sai dai mu ji ta a ka. Yau a ce an hana, gobe a ce an sassauta, manomi kuwa ya riga ya zuba taki. To sai ga shekarar da aka rufe boda. 'Yar waje ta yi wuya, ta yi tsada, masu yatsina fuska suka fara tambayar ina ake samun ta gida mai kyau. Wata Hajiya Sharifa mai shagon kayan abinci a Tarauni ta ci shinkafar Yaya a gidan biki, ta bi diddigi har Indabo, ta ce buhu arba'in take so a tashi ɗaya, in ta ji daɗi kuma duk wata.

Yaya buhu goma sha biyu kawai gare ta. Sai ta tara matan unguwa su takwas, kowa ta kawo shansherarta, aka yi sati uku ana gumi a tsakar gidanta, a gaban idonta, ana shan faɗa. A cikinsu akwai Iya Indo, tsohuwa ce tukuf, ba miji ba ɗa a gari. 'Yar gonar da mijinta ya bar mata buhu biyu take bayarwa, kuma buhu biyun nan su ne abincinta daga kaka zuwa kaka. Yaya ta ce mata ta ba da ɗaya ta riƙe ɗaya. Iya ta ce a'a, a kai duka, farashin birni zai saya mata dawar shekara har da ta kunu. Haka sauran ma, kowace abin da ta dogara da shi ta miƙa. Saboda haka ba shinkafa kawai zan ɗauka ba, abincin gida tara ne, kuma da sunan Yaya aka bayar.

Yanzu ga inda na shigo, kuma ba zan ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Laifi biyu na yi.

Na farko, Yaya ta aike ni kasuwar Wudil ran Juma'a in sayo sababbin buhuna farare. Ina zagayawa sai na ci karo da wani mai tsofaffin buhunan shinkafar waje, an wanke su tas, masu kauri, suna ƙyalli, da rubutun wata ƙasa da hoton tsuntsu a jiki, kuma rabin kuɗin sababbi. Na ce kai, abin nema ya samu. Na kwaso na kawo ina taƙama. Yaya ta ɗaga ɗaya ta juya, ta ce ita ba ta son sa wa 'yarta rigar aro. Na ce haba Yaya, buhu ai buhu ne, waɗannan ko daga saman mota aka jefo su ba za su fashe ba. Ta gaji, ga tafiya washegari, kasuwa kuma ta tashi. Ta yi tsaki ta ƙyale ni. Don in ƙara burge ta, na je na aro keken ɗinkin buhu a wurin mai inji, na ɗinke bakin kowanne cif, kamar daga kamfani. Ka ji wanda ya haƙa wa kansa rami har da yi masa daɓe.

Na biyu kuwa Mas'uda ce. Maƙwabciyar Yaya ce, mai faram-faram, mai surutu, amma aikinta sai addu'a. Ta ƙi zuwa gumin tsakar gida, wai ita ma ta iya, ta yi nata a gida ta shanya a gefen titi. Da ta kawo buhu uku, Yaya ta tsoma hannu sau ɗaya ta fito da tsakuwa huɗu, ta jera mata su a tafin hannu, ta ce ta mayar, ba da sunanta za a karya haƙoran mutanen Tarauni ba. Mas'uda ta biyo ni wurin mota tana share hawaye, ta ce in taimaka in kai mata, in sayar a ko nawa ne a bakin kasuwa. Ni kuma zuciyata ba ta jure kukan mace. Na juye nata a ragowar buhunan tsuntsu, na ɗinke, na ɗiga musu baƙin mai a kusurwa don in gane su, na shimfiɗa su can ƙasan lodi. Yaya ba ta sani ba.

Asabar bayan sallar asuba muka kama hanya, Yaya a gaba kusa da ni, da carbi a hannu. Ba ta taɓa raka kaya ba sai ranar, ta ce amanar mutane ba a aika ta. Muka haye gadar Wudil lafiya, rana tana fitowa, masu yashi har sun shiga ruwa. Ba mu kai Gano ba sai ga shinge, jami'an da ke farautar shinkafar fasa-ƙwauri ne. Na sha wuce su da gero da dawa, mu ɗaga wa juna hannu. Ranar kuwa sai ɗayansu ya ɗage tamfol ya leƙa, sai na ga ya saki, ya yafito ogansu. Sai a lokacin ne fa na ga buhunan nan da idon wani.

Ogan dogo ne baƙi, Bahaushe, ba mai hayaniya ba. Ya gaida Yaya da ladabi, ya ce in gangara gefe in kashe mota. Na fara rantse-rantse, na ce wallahi ta gida ce, daga Indabo, buhunan ne kawai na waje. Ya ce duk wanda ya kama haka yake faɗa, kuma bai taɓa ganin ta gida da ɗinkin keke a buhun waje ba. Ya sa aka farke ɗaya, ya ɗebo a hannu, ya ɗaga wa rana. Shinkafar Yaya ta fito doguwa, wankakkiya, babu tsinke babu ɓuntu. Ya girgiza kai.

"Hajiya, ni ma ɗan manomi ne," in ji shi. "Da 'yar Hausa aka yaye ni. Wannan ba ita ba ce."

Ya ce dole a kai motar ofis a yi bincike, in ta tabbata ta gida ce a sallame mu. Na tambayi kwana nawa, ya ce ba shi ke yankewa ba, akwai motoci a gabanmu. Ni na san abin da wannan ke nufi. Ko an sake ta daga baya, Hajiya Sharifa ta nemi wani, rana da raɓa sun yi aikinsu, in kuma masu binciken suka ga abin da ogan ya gani, shi ke nan, an yi asarar abincin gida tara. Na dubi Yaya. Ba ta dube ni ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta sauko daga mota, ta gyara mayafi, ta ce masa ita ba ta iya rantsuwa a titi ba, ya faɗa mata abin da zai gani ya yarda. Ya ɗan yi tunani, sannan ya ce abu ɗaya ne ba ya ƙarya. Ta gida, komai gyaranta, ba a rasa tsakuwa. In aka sami tsakuwa a buhunan nan zai saurare ta.

Aka shimfiɗa tamfol ɗina a gefen titi, aka zazzage buhun farko. Jami'ai biyu suka tsuguna suna bajewa. Babu. Aka sauko da na biyu daga wani gefen, babu. Na uku, na huɗu. Mutane suka fara taruwa, masu acaɓa suna rage gudu suna kallo. Sai na ga abin da ban taɓa zaton zan gani ba a duniya: Yaya Lubabatu ta durƙusa a kan tamfol, tana tona shinkafarta da hannu biyu, bakinta yana motsi, tana neman tsakuwa. Daga baya ta gaya min addu'a take yi Allah ya sa a ce ta yi sakaci ko sau ɗaya. Amma ina, matar da ta yi shekara talatin tana yaƙi ba ta bar abokin gaba ko ɗaya da rai ba.

Ni kuwa ina tsaye, na san inda tsakuwa take, kuma na san abin da zai biyo bayan faɗar. Na auna fushin Yaya, na auna buhu biyun Iya Indo. Ogan ya duba agogo ya ce ya isa haka, a mayar a tafi. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, a duba na ƙasa. Akwai guda uku masu ɗigon baƙin mai."

Yaya ta ɗago a hankali. "Waɗanne uku, Garzali?"

Na ce na Mas'uda ne. Ta yi min wani kallo, ta ce za mu yi magana a gida, sannan ta juya ta ce wa ogan a sauke lodin.

Ni kaɗai na sauke, babu wanda ya taya ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Buhu bayan buhu har na kai ƙasa, ƙuguna kamar zai rabe. Aka farke na Mas'uda aka zazzage a gefe. Allah ya yi wa Mas'uda albarka! Ba sai an tona ba. Ga tsakuwa, ga tsinke, ga ɓuntu, har da busasshen kashin akuya guda ɗaya ya gangaro gaban takalmin ogan. 'Yan kallo suka tuntsire da dariya. Ni ban taɓa ganin ƙazanta ta yi min kyau irin na ranar ba.

Ogan bai yi dariya ba. Ya ce wannan kam ta gida ce, amma buhu uku ba sa wanke arba'in, masu fasa-ƙwauri ma sun iya sa na shaida. Nan Yaya ta karɓi magana. Ta ɗebi ta Mas'uda a hannun hagu, ta hure ƙaiƙayin, ta tsince tsakuwar da yatsa cikin ƙiftawar ido, ta ɗebi tata a hannun dama, ta miƙa masa duka biyun ta ce ya raba su in zai iya. Tsawonsu ɗaya, launinsu ɗaya, don iri ɗaya ne daga fadama ɗaya. Ta nuna masa 'yar jar ƙwayar da ke fitowa jefi-jefi a kowane hannu. Ta ce ya shinshina. Ya kai hanci, ya ji ƙanshin sabuwar shinkafa da hayaƙin itace. Ta ce 'yar waje wata nawa take yi a jirgi da sito, in ya taɓa jin tana ƙanshi ya faɗa. Ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya tauna. Sannan ya tambaye ta da wane inji take cire tsakuwa. Ta ɗaga masa yatsunta.

Ya cire hula ya shafa kai, ya ce ta yi haƙuri, shi bai san ana yin irin wannan a ƙauye ba. Yaya ta ce ba komai, aikinsa yake yi. Amma a mota ta gaya min wannan ce ta fi yi mata ciwo, a ce ɗan manomi sai ya ga datti sannan ya yarda tamu ce.

Ya sallame mu da sharaɗi ɗaya, kada mu matsa daga wurin da buhunan tsuntsu, don akwai wasu shingayen a gaba kuma ba kowa ne zai tsaya shinshina ba. Na hau acaɓa na koma Wudil, na buga ƙofar mai shago, na sayo farare sababbi a farashin da na gudu jiya, har da ƙari. Araha ba ta ado, na ji a jikina. Muka juye buhu arba'in da uku a gefen titi, ni ina ɗagawa, Yaya tana ɗinkewa da basilla, har azahar. Wayarta kuwa sai ruri take yi a cikin jaka, don wani ɗan acaɓa ya riga ya kai labari Indabo cewa an kama motar Garzali da kayan mata gaba ɗaya. Na ce ta ɗauka mana ta kwantar musu da hankali. Ta ce ita ba ta ba da rabin labari, sai kaya sun shiga shago.

Kafin la'asar suka shiga. Hajiya Sharifa ta farke uku ta duba, ta ce a kawo na wata mai zuwa. Na Mas'uda kuwa Yaya da kanta ta nuna mata, ta ce waɗannan ba aikinta ba ne, akwai tsakuwa, a saya a kan haka ko a bari. Aka saya don masu tuwo. A hanyar dawowa ne na ji Yaya ta sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo, ta jingina da kujera ta rufe ido. Can wajen Mariri ta ce, ba tare da ta buɗe idon ba, in na sake sa wani abu a lodinta ba da saninta ba, sai ta turara ni. Na ce na ji. Wallahi daɗi ne ya rufe ni, don in Yaya ta fara barazana to ta huce.

Tun daga lokacin an buɗe boda, an sake sassauta shigo da abinci, farashi ya hau ya faɗi, manoma da yawa sun yi kuka, wasu sun bar shinkafa sun koma riɗi. Yaya tana nan tana gumi, da buhunanta farare masu sunan Indabo, Mas'uda kuma ta dawo tsakar gida tana koyo tana shan faɗa. Amma ni in na tuna ranar, ba shingen nake fara gani ba, isowarmu gida nake gani.

Mun shigo gab da magariba. Ƙofar gidan Yaya cike da mata, sun yi jugum, Malam Dattijo yana tsaye a gefe da hannu a baya. Ina tsayar da mota babu wadda ta motsa, suna kallon bayan motar fayau. Yaya ta sauko. Kafin ta buɗe baki Iya Indo ta dogara sandarta ta tako gaba, ta kama hannunta.

"Lubabatu, kada ki ce komai," in ji ta. "Tun da hantsi na tara su na ce kada wadda ta tambaye ki. Nawa biyun na yafe, duniya da lahira. Ki shiga ki sha ruwa."

Yaya ta tsaya tana kallonta. Da ƙyar ta ce, "Iya, an kai. Duka an kai, an saya."

Iya Indo ta ce a sake faɗa mata. Aka sake faɗa mata a kunne. Sai sandar ta suɓuce daga hannunta, ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas, a nan ƙofar gida, ta rufe fuska da mayafi.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Wallahi 'yar nan, ban san abin da zan ci ba."